Ƙara wa Furosesa Gudu da Fankar Kwali

A watan Agusta na 1998 kamfanin Intel ya fitar da wasu furosesa a rana guda, biyu daga cikinsu suka bar tarihi. Ɗaya ta masu hannu da shuni ce, Pentium II mai gudun megahaz 450, a kan dala 669. Ɗayar kuwa ta yaku-bayi ce, Celeron 300A, dala 149. Ba a jima ba masu ƙwaƙule-ƙwaƙulen kwamfuta suka gano cewa in mutum ya sami madabod irin Abit BH6, ya shiga BIOS ya ɗaga gudun layin da ke haɗa furosesa da madabod daga 66 zuwa 100, sai Celeron ɗin nan ta tashi daga 300 ta koma 450 cur. Ƙarin kashi 50 cikin ɗari ke nan ba tare da ko sisi ba, wasu ma da 'yar fankar da ta zo a kwali suka yi wannan aiki. A wasannin kwamfuta na lokacin da ƙyar ake bambanta ta da yayarta mai tsada.

Tun daga nan labarin ya zama gado. Duk matashin da ya haɗa kwamfutar tebur tasa ta farko, ko ya gaji ta yayansa, wata rana sai ya ci karo da bidiyon wasu mutane sanye da safar hannu suna tsiyaya wani ruwa mai hayaƙi a kan furosesa. A Disambar 2022 wata tawagar kamfanin Asus ta haura gigahaz 9 da Core i9-13900K, da ruwan hiliyam mai sanyin digiri 269 ƙasa da sifili. Daga nan sai zuciya ta raya wa yaro cewa ai shi ma tasa tana da wani gudu da kamfani ya ɓoye masa. Akwai ƙanshin gaskiya a zancen, sai dai abin da ke ɓoyen bai kai yadda yake zato ba, kuma fito da shi da fankar kwali aikin haƙuri ne, ba na ƙarfin hali ba.

Daga ina ma rarar take fitowa? Ba a ƙera furosesa ɗaya bayan ɗaya. Faifan silikon guda ake yankawa a fitar da masu yawa, kuma ba sa fitowa daidai, kamar tukwanen da maginiya ɗaya ta gina da yumɓu ɗaya ta gasa a wuta ɗaya, amma in an ƙwanƙwasa sai a ji wata ta fi wata amo. Kamfani ya gwada su, ya raba su aji-aji, ya rubuta wa kowace lambar da ya tabbata za ta jure a cikin akwati mai cunkoso tsawon shekaru. Wani lokaci ma kasuwa ce ke sa a jefa mai kyau cikin ajin ƙasa, saboda masu neman ta arha sun fi yawa. Tazarar da ke tsakanin abin da aka rubuta da abin da ita wannan furosesar za ta iya, ita mai obakulok, wato mai ƙara wa furosesa gudu, ke farauta. Shi ya sa abokai biyu za su sayi iri ɗaya a shago ɗaya, ta wannan ta kai gigahaz 3.9, ta wancan ta ƙi wuce 3.7, kuma ba wanda aka cuta. Lambar da wani ya samu a intanet labarin tasa furosesar ce kawai.

Kamfanoni kuma sun waye. Yanzu da kansu suke cinye mafi yawan rarar. Ryzen 5 3600 ta AMD an rubuta mata 3.6, amma da ta ga akwai sanyi da wadatar wuta sai ta ɗaga kanta har zuwa 4.2, tana auna zafinta sau da yawa a cikin sakan guda. Zamanin kashi 50 cikin ɗari ya wuce.

Kafin a kai ga wannan duka, akwai tambayar da ke sallamar rabin masu sha'awa: ita kwamfutar tana yarda kuwa? Mafi yawan kwamfutocin tebur na hannu da ke zuwa kasuwanninmu, daga Titin Beirut a Kano har Banex a Abuja, tsoffin kayan ofis ne: Dell OptiPlex, HP EliteDesk, Lenovo ThinkCentre. Suna da ƙarko, amma BIOS ɗinsu a kulle yake, babu wurin taɓa gudu, kuma fawa fak ɗinsu daidai cikin cokali aka auna shi. Wanda ke da irin wannan ya huta. Duk manhajar da ta yi masa alkawarin buɗe ƙofar da kamfani ya toshe, ya yi nesa da ita.

A ɓangaren Intel, tun daga 2011 galibi sai furosesa mai harafin K a ƙarshen lambarta, kamar i5-2500K, sannan madabod mai harafin Z, ko P67 a wancan zamani. Abin lura shi ne tun daga 2015 Intel ya daina saka fanka a kwalin masu K, wato da kansa ya faɗa wa mai saye cewa ya nemi babba. A ɓangaren AMD kusan duk Ryzen a buɗe take tun 2017, in dai madabod ɗin irin B350, B450, B550 ne ko masu harafin X. A320 da A520 ba sa bari. Ke nan maganar obakulok da fankar kwali a yau ta fi shafar mutum biyu: mai Ryzen da fankarta ta Wraith, da mai tsohuwar Intel irin 2500K, ko Pentium G3258 ta 2014, wadda aka sayar da ita a buɗe tana 3.2 kuma mutane da yawa suka haura 4 da ita ba su canja fanka ba, don ƙwayoyinta biyu ne kacal kuma wat 53 aka rubuta mata.

Lissafin gudun ba wuya. Akwai agogon tushe mai bugawa sau miliyan 100 a sakan, akwai lambar ninki. Ninki 36 ya ba da gigahaz 3.6, ninki 40 ya ba da 4.0. Lambar ninkin ake taɓawa. Agogon tushe a bar shi inda yake, domin RAM da layukan katin hoto da na diski suna rataye da shi a injuna da yawa, kuma in ya gusa su ma sun gusa.

Lissafin zafin ne matasa ke tsallakewa, alhali shi ne kan maganar. Wutar da furosesa ke sha tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu: a ƙara gudu kashi 10, zafi ya ƙaru wajen kashi 10. Boltej kuwa ninka kansa yake yi. Wanda ya ɗaga shi daga 1.20 zuwa 1.35 gani yake 'yar ƙaramar lamba ya matsa, amma ya ƙara zafi wajen kashi 27 cikin ɗari tun bai taɓa gudu ba. In kuma ya haɗa da tashi daga 3.6 zuwa 4.0, ƙarin ya kai kashi 40. Furosesar da ke fitar da wat 80 ta koma tana fitar da sama da 110. Fankar kwali kuwa, wato dunƙulen alminiyam da 'yar farfela a kai, an auna ta ne da abin da aka rubuta a kwalin, sau da yawa wat 65. Wraith Stealth siririya ce, Wraith Spire ta fi ta tsayi da nauyi, Wraith Prism kuma har bututun tagulla gare ta. Ba ɗaya suke ba, kuma mai Stealth bai kamata ya kwaikwayi lambar mai Prism ba. Abin da wannan lissafi ke nunawa a fili yake: mai fankar kwali yana da 'yar dama a gudu, ba shi da ita a boltej.

Sai kuma abin da masu bidiyon Turai da Amurka ba su da dalilin faɗa. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi. Iskar ɗaki take ɗiba ta hura wa ƙarfe, don haka duk digirin da ɗaki ya ƙara, kusan shi furosesa ke ƙarawa. Masu gwajin nan yawanci a ɗakin da ke tsakanin digiri 21 da 25 suke aiki. A ce wani ya nuna tasa tana tsayawa a 75 a ɗaki mai 22. Tazara 53 ke nan. A ɗauki wannan inji yadda yake a kai shi Sakkwato, Maiduguri ko Yamai a watan Afrilu, a ɗaki mai rufin kwano da ya kai 38 da azahar, sai a ga 91. Iyakar Ryzen 5 3600 kuwa 95 ce, ta yawancin Intel 100. Ba a taɓa komai ba tukuna, amma rarar ta riga ta tafi. Matashin da ya yi saitinsa da daren hunturu, yana murna da 70, bazara na nan tafe da nata hukuncin.

Hunturun ma da nasa. Ƙurarsa tana shiga tsakanin haƙarƙarin alminiyam ta yi kirtani har iska ta kasa ratsawa. Saboda haka aikin farko ba a BIOS yake ba, a tsakar gida yake. A kashe inji, a zare filogi, a danna maɓallin kunnawa don ragowar wuta ta fice, a taɓa ƙarfen akwatin kafin a kai hannu ciki, domin busasshiyar iskar hunturu tana tara wa jiki irin wutar nan da ke tsartuwa in an taɓa ƙofar mota. In za a hura da bulowa, a dafe farfelar da yatsa kada ta yi ta juyawa fiye da ƙima. Man da ke tsakanin furosesa da fanka, in ya shekara biyu ko uku, sau da yawa ya bushe ya zama garin alli. A goge shi da sifirit da ƙyalle mai laushi, a bari ya bushe, a ɗiga sabo gwargwadon ƙwayar wake a tsakiya. Man goge baki ba ya wannan aiki, ko wa ya faɗa.

Wurin cirewa da mayarwa akwai tarko biyu da masu gyara suka sani. Fankar Intel ƙafa huɗu gare ta na roba, kowace da farin baki da baƙar ƙusa. Sai farin ya ratsa ramin madabod sosai kafin a danna baƙin, a bi su kusurwa da kusurwa, kowace a ji ta ce ƙas. Ƙafa ɗaya ta ƙi shiga, fankar za ta zauna a karkace, ido ba zai gani ba, amma zafi zai tashi da digiri goma ko fiye. A Ryzen ta soket AM4 kuwa, tsohon mai yakan manne har in an ja fanka sama ta taho da furosesar gaba ɗaya, allurai su lanƙwashe. Maganinsa a bar injin ya yi aiki na 'yan mintoci man ya yi laushi, sannan a murɗa fankar a hankali hagu da dama kafin a ɗaga. Mutane da yawa da wannan wanka kaɗai suke samun saukar zafi da ya fi abin da suke nema a obakulok.

Abu na biyu, a koyi hanyar dawowa tun ba a tafi ba. Saitin da ya yi yawa yakan sa a kunna inji, fanka na juyawa, allo baƙi ƙirin. Nan ne gaban yaro ke faɗuwa ya ce ta ƙone, alhali ba abin da ya same ta. A jikin madabod akwai allurai biyu da aka rubuta wa CLR_CMOS, ko CLRTC a na Asus, ko JBAT1 a na MSI. In an zare filogi aka haɗa su da bakin sukundireba na 'yan sakanni, BIOS ya koma yadda ya fito daga kamfani. In ba a gan su ba, a cire batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, a jira minti biyar a mayar. Sannan a kwashe muhimman fayiloli zuwa wani diski: furojet ɗin makaranta, hotunan biki na kwastoma, duk abin da in ya ɓace za a yi kuka.

Abu na uku, a auna injin yadda yake. Manhajojin kyauta ne: HWiNFO na nuna zafi da boltej da wat, CPU-Z na nuna gudu, Cinebench na ba da maki. A kunna Cinebench minti goma a lokacin da ɗaki ya fi zafi, ba da asuba ba, a rubuta maki da zafi mafi girma a littafi. In tun a nan ta kai 85, magana ta ƙare, wannan inji ba shi da abin bayarwa sai an canja fanka. In tana wajen 65 zuwa 72, akwai ɗan fili.

To, sai BIOS. Babban tarko a nan wata kalma ce mai kama da aminci, wato Auto. In aka ɗaga ninki aka bar boltej a Auto, madabod da yawa sukan ƙara wuta da kansu, da hannu sake, don kada injin ya faɗi a zarge su. Haka maɓallan nan na danna-sau-ɗaya da ke alkawarin obakulok nan take. Wanda ya san abin da yake yi yakan duba boltej ɗin da furosesa ke sha lokacin gwajin farko, ya saka shi da hannu, ya hana shi motsi. Daga nan ya ƙara ninki da ɗaya, ko da rubu'i in Ryzen ce, ya adana, ya shiga Windows, ya maimaita gwajin minti goma idonsa na kan zafi. Ta tsaya? Ya rubuta, ya koma ya ƙara. Abu ɗaya ake canjawa a kowane zagaye, domin wanda ya taɓa ninki da boltej da RAM a tare, in injin ya faɗi bai san mai laifi ba. Haka zai yi ta yi har ɗayan biyu ya faru: ko injin ya daskare, ya nuna shuɗin allo, ko zafi ya doshi 80 zuwa 85. Ko wanne ya riga zuwa, nan ne bango. Sai ya ja baya taki ɗaya, in da hali biyu.

A daidai nan shaiɗan ke raɗa cewa a ɗan ƙara wuta, taki ɗaya ya rage. Gaskiya ne ƙarin boltej yakan tsayar da gudun da ke rawa. Amma takin ƙarshe shi ya fi kowane tsada: megahaz 100 da ba wanda zai ji bambancinsu sukan ci zafin digiri takwas ko goma. A zamanin Ryzen ta farko, AMD ya nuna cewa 1.35 ne abin da ya dace da amfanin yau da kullum, kuma 1.45 na iya rage wa furosesa kwana. Wannan lamba ta waccan tsara ce. Da tiranzisto suka ƙara ƙanƙanta a Ryzen 3000 da 5000, masu harkar suka ja baya zuwa ƙasa da 1.3 in za a kafe boltej wuri ɗaya. Wanda ya ɗauko lambar 2017 ya liƙa wa furosesar 2020 ya yi aron rigar da ba tasa ba, kuma da fankar kwali zafi zai tare shi tun kafin ya kai can.

Gwajin minti goma na tafiya ne kawai, ba na tabbatarwa ba. Tabbatarwa aikin Prime95 ne ko OCCT. Prime95 manhaja ce da George Woltman ya rubuta don wani aikin haɗin gwiwa da ya fara a 1996, na neman manyan lambobin da ba sa rabuwa. Amfaninta ga mai obakulok shi ne tana ba furosesa lissafin da an riga an san amsarsa, in ta kuskure ko da ƙwayar lamba ɗaya sai ta tsaya ta faɗa. Tana kuma gasa inji fiye da kowane aiki na yau da kullum, don haka da ƙaramar fanka ba a kunna ta a tafi kallon ƙwallo. A zauna kusa, in zafi ya haura 90 a tsayar. Bayan awa ɗaya ko biyu, a leƙa ƙasan jerin HWiNFO inda ake ƙirga kurakuran da Windows ke kira WHEA. Sifili ake so. Ko ɗaya aka gani, saitin bai zauna ba, komai kyan da yake nunawa.

Dalilin wannan tsanani shi ne ba kowane kuskure ke zuwa da shuɗin allo ba. Wani a ɓoye yake wucewa: fayil ya lalace wurin adanawa, bidiyon da aka kwana ana haɗawa ya tsaya a kashi 90, Windows ta fara wasu halaye bayan wata biyu a ɗora wa bairos laifi.

Akwai masu cewa ai furosesar zamani ba ta ƙonewa. Rabin gaskiya ce. A 2001 mujallar kwamfuta ta Tom's Hardware ta yi wani gwaji da ya zaga duniya: ana cikin wasan Quake III aka cire fanka daga kan wasu furosesa. Pentium 4 ta rage gudu ta ci gaba, Pentium III ta daskare amma ta tsira, Athlon ta AMD kuwa cikin sakanni ta yi hayaƙi, zafinta ya doshi ɗaruruwan digiri. Yau kowace furosesa, ta Intel ko ta AMD, tana rage gudu in ta kai iyaka, in abin ya ƙi ta kashe kanta. Wannan kariya daga mutuwar farat ɗaya ce. Akwai wata mutuwar ta sannu a hankali da ba ta hanawa. Wayoyin da ke cikin furosesa sun fi gashi siranta nesa ba kusa ba, kuma wutar da ke bi ta cikinsu tana ture ƙwayoyin ƙarfen daga mazauninsu kaɗan-kaɗan, wani wuri ya sirance, wani ya taru. James Black na kamfanin Motorola ya fitar da lissafin wannan tun 1969, kuma abin da ya nuna shi ne yawan wuta da zafi su ne ke gaggauta shi. Alamarsa ita ce furosesar da bara take tsayawa a 4.0 bana sai a 3.9, baɗi kuma ko gudunta na asali sai an ƙara mata wuta.

Ba sai an je nesa neman misali ba. A Afrilun 2023 aka fara ganin hotunan Ryzen 7 7800X3D da suka kumbura suka ƙona soket, aka gano wasu madabod na tura wa wani sashe nata boltej fiye da kima, AMD ya fitar da gyara ya hana shi wuce 1.3. A 2024 Intel ya amsa cewa manyan furosesarsa na tsara ta 13 da ta 14 suna neman boltej da ya wuce misali har suna lalacewa, ya fitar da gyaran da ya hana su wuce 1.55, ya ƙara wa masu su garantin shekara biyu. Gyaran yana kare wadda ba ta taɓu ba, amma wadda ta riga ta taɓu ba ta warkewa. In injiniyoyin da suka ƙera abin sun yi tuntuɓe a kan boltej, ɗan aji uku a jami'a da fankar kwali ya kamata ya taka a hankali.

Ba furosesa kaɗai ke shan wahalar ba. A gefen soket akwai jerin ƙananan baƙaƙen murabba'ai, su ne ke sauke bolt 12 na fawa fak zuwa ɗaya da ɗoriya. A madabod mai arha tsirara suke, ba ƙarfen sanyaya a kansu, kuma in suka yi zafi su ma rage gudun suke yi. A nan fankar kwali na da wata falala da ba a cika yaba mata ba: da yake ƙasa take hurawa, iskarta na bi ta kansu. Fawa fak marar suna, mai nauyin fanko, da aka rubuta masa wat 500 a jiki, shi kam ba abokin wannan tafiya ba ne. Ga kuma wutarmu da ke zuwa da tsalle-tsalle, ga sauyi daga nefa zuwa janareto. Wanda ba shi da UPS ko sitabilaiza zai sha ruɗewa, bai san ko saitinsa ne ya faɗi ko wuta ce ta yi ƙasa ba. Sabunta BIOS kuwa ba UPS ganganci ne, don in wuta ta ɗauke a tsakiya madabod na iya ƙin tashi.

A sababbin Ryzen hikimar ma ta juya. Wanda ya kafe duk ƙwayoyin 3600 a 4.0 ya hana ta tsallen da take yi da kanta zuwa 4.2 a ayyuka marasa nauyi, wato ya biya zafi ya sayi ragi. Tun daga Ryzen 5000 a 2020 akwai Curve Optimizer, inda ake rage wa furosesa boltej maimakon ƙarawa, daga sifili zuwa 30 ƙasa. Ƙarancin wuta ya kawo ƙarancin zafi, ita kuma da ta ga sanyi sai ta ɗaga gudu ta daɗe a sama. Ga mai Wraith Stealth a ƙasa mai zafi, wannan ita ce hanyar da ta fi dacewa. Ana farawa da 5 ko 10 ƙasa, ana gwadawa. Sai dai faɗuwarta daban ce: ba lokacin aiki mai nauyi take zuwa ba, sai injin na zaune ba ya komai ya sake tashi da kansa, don haka gwajinta kwanaki ne na amfanin yau da kullum. Akwai kuma ribar da ke kwance a BIOS ɗin mutane da yawa ba su sani ba: RAM da aka saya mai 3200 yakan tashi a 2133 ko 2400 har sai an kunna XMP, wanda Asus ke kira DOCP a madabod ɗin AMD. Ryzen na jin daɗin wannan ƙwarai, kuma zafin da yake ƙarawa kaɗan ne. Shi ma a gwada shi da MemTest86.

Nawa ne ribar duka? A ɗauki Ryzen 5 1600, wadda ta yi suna a wannan fage saboda Wraith Spire da take zuwa da ita. In duk ƙwayoyinta shida na aiki takan zauna a wajen 3.4, kuma mutane da yawa sun kai ta 3.7 ko 3.8 da wannan fanka. Kashi 9 zuwa 12 ke nan. Bidiyon da ke cin awa ɗaya zai ci minti 54 ko 55. Ga mai haɗa bidiyon biki kullum, abu ne. Ga mai wasan da katin hoto ne ke riƙe shi, kwalliya ba ta biyan kuɗin sabulu. Wanda har yanzu Windows ɗinsa ke kan tsohon diski mai juyawa, ko yake da sandar RAM ɗaya tilo, SSD ko sanda ta biyu za su canja masa injin yadda obakulok ba zai taɓa yi ba.

Garanti kuma ya tafi. Intel da AMD duka sun rubuta cewa lalacewar da ta biyo bayan obakulok ba ta cikin alkawarinsu, har da PBO, wato obakulok ɗin atomatik na AMD, kuma inshorar da Intel ke sayarwa ta musamman don wannan ya rufe ta a 2021. Wannan ya sa maganar ta koma ta haƙƙi. Kwamfutar baba ta ofis, ta shagon buga takardu da maigida ya damƙa wa yaro, ta aboki da aka kawo a saka mata Windows, ba wurin koyon hannu ba ne. Wanda zai koya ya koya a tasa, mafi kyau ma a tsohuwar da in ta mutu ba za a yi zaman makoki ba. Core 2 Quad Q6600 ta 2007, wadda ta saba tashi daga 2.4 zuwa 3.0, ko 2500K, sun isa makaranta, kuma abin da aka koya a kansu na karanta zafi da haƙurin gwaji shi ne jarin mai gyaran kwamfuta.

Wanda ya gama ya sami lambarsa, saura abu ɗaya. Yawancin madabod na bari a adana saiti fiye da ɗaya a BIOS, kowanne da sunansa. Ya adana biyu: na sanyi, mai ƙarin gudun, da na bazara, wanda ya sauka taki ɗaya ko biyu ko ya koma asali. Da Maris ya kama ya hure ƙura, ya maimaita gwajin minti goma da azahar, ya gwama da abin da ke littafinsa. Littafin kuma ya adana shi da kyau, domin sabunta BIOS yakan share saitin da aka ajiye, batirin CR2032 ma ranar da ya mutu injin komawa asali yake yi, kuma ba mai iya tuna ko 1.2375 ya saka ko 1.2500 bayan wata takwas.